Koyar Da Kimiyya A Kwaleji: Ga Gawo A Bayan Aji, Ga Salula A Aljihun Malam

Duk wanda ya zauna a ajin farko na kwaleji a wannan ƙasa tamu ta Nijar, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ƙaramar sakandare, da wuya ya manta ranar da malamin SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ya rubuta kalmar ekosistem a allo. Mun kwafe ta, mun kwafe ma'anarta da Faransanci, mun haddace, ranar jarrabawa muka mayar wa malam da abinsa ba ƙari ba ragi. Da yawanmu mun samu maki mai kyau. To amma da wani ya tare mu a bakin makaranta ya tambaye mu abin da ya sa gawon da muke jingine kekuna a gindinsa yake zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa suka yi kore shar, sa'annan ya yi ganye da rani, da sai dai mu yi zuru. Mai karatu na iya gwada wannan tambaya a kan ɗansa ko ƙanensa da ke shirin BEPC a bana.

Alhali kuwa darasin gaba ɗaya yana tsaye a jikin wannan itace. Saiwar gawo kan nutsa cikin ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwa, shi ya sa yake iya riƙe ganyensa a tsakiyar rani. Yana cikin dangin itatuwan da wasu ƙwayoyin halitta ke zama a saiwarsu suna kamo sinadarin azot daga iska, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi a wurin. Da an fara ruwa sai ya kakkaɓe ganye, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu hanyar kaiwa ga hatsin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasa da ruwa da itace da dabba da mutum, kowa na ci daga wani yana ba wani. Abin da aka sa mu haddace ke nan ba tare da an nuna mana shi ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, a 'yan shekarun nan ana yawan maganar shigar da kwamfuta da intanet cikin makarantu, kuma da yawa sun ɗauka manufar ita ce a zaunar da yaro gaban na'ura yana kallon dazuzzukan wasu ƙasashe. A ganinmu amfanin na'urar a darasin kimiyya shi ne ta fitar da yaron daga aji zuwa gonar da ke bayan makaranta. Tarihin ƙasar nan na kusa ya ishe mu hujja.

Idan ba a manta ba, bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. An kashe maƙudan kuɗi wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsirran da yake ɗauka ciyayi ne ashe tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai. Daga nan aka shiga jawo hankalin manoma su bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a lokacin sassabe, abin da ake kira sassaben zamani. A wajen Magarya da Matamai da Mirya kuwa manoma da kansu suka riƙa kare gawo a gonakinsu, abin da dama ya samo asali tun zamanin sarakunan Damagaram da ake ba da labarin tsananin hukuncinsu ga mai saran gawo.

To sai dai kusan shekaru 20 aka yi ana wannan aiki ba tare da an san girmansa ba, har su masu mulki a Yamai. Sai wajen 2004 zuwa 2006 masu bincike irin su Mahamane Larwanou ɗan ƙasar nan, da Chris Reij na ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka ɗauko tsoffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama suka jera su da sababbi. Hoton garin Galma na jihar Tawa na 1975 da na 2003 sun zagaya duniya, na farko fili da ɗigon itatuwa jefi-jefi, na biyu ɗigo ko'ina. Lissafin da aka fitar daga baya ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Idan aka duba da kyau, ainihin dabarar ita ce hoto biyu da ƙirga da kuma zuwa a gani da ido. Yaro ɗan shekara 13 na iya yin kowanne daga cikin ukun.

A yau manhajar Google Earth na nuna hoton kusan kowane gari daga sama, kuma a wurare da dama tana da hotunan shekarun baya. Malam ba ya bukatar ɗakin kwamfuta. Ya isa ranar da ya shiga birni ya sauko da hoton unguwar makarantarsa na shekaru biyu mabambanta, ya buga a takarda ko ya ajiye a salularsa. Sai a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirga ɗigon da ke cikin yanki guda a hotunan biyu. Daga nan a fita da igiya a auna mita 50 a tsaye, mita 50 a kwance, wato rubu'in hekta, a ƙirga itatuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. A nan ne daɗin abin yake, domin lissafin takarda da na ƙasa ba za su zo daidai ba. Wani ɗigon da aka ɗauka gawo ne sai a tarar rumbu ne, wani kalgo uku ne suka haɗa kai, ga kuma sabara da geza ƙanana da hoton bai kama ba sam. Yaron da ya gano da kansa cewa hoton tauraron ɗan'adam na iya ruɗinsa ya koyi abin da babu shi a littafin da muka haddace. Kaurin itace kuwa ana auna shi da igiya a daidai mita 1.30 daga ƙasa, tsawonsa kuma da inuwarsa da inuwar sanda, lissafin da malamin lissafi ke fama a gane a allo.

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Makarantunmu kan buɗe a watan Oktoba su rufe wajen Yuni, wato daidai lokacin da daji ke farfaɗowa yara na hutu. Ɗalibi na karanta tsiro da kwaɗi da ƙwari a watannin da ƙasa ta bushe ƙayau. Hoto na iya cike wannan giɓi. A zaɓi gawo ɗaya da aduwa ko magarya ɗaya, a kafa turke a inda mai ɗaukar hoto zai riƙa tsayawa, a ɗauki hoto duk mako biyu tun daga buɗe makaranta, a kuma damƙa wa yara biyu ko uku da ke kusa amanar ci gaba da hutu da wayar wani babba a gidansu. Idan aka jera hotunan suka zama ɗan gajeren bidiyo, cikin minti guda aji zai ga itace ɗaya na tuɓewa ɗayan na sa riga. Haka za a iya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a gari da ranar ruwan shuka, shekara bayan shekara. Kowa ya san ana cewa zuwanta na nuna damina ta kusa, amma kwana nawa ne tsakani a garinku? Makarantar da ta riƙe wannan rajista shekara 10 ta mallaki abin da masu bincike za su zo nema.

Sai kuma muryar tsofaffi, wadda a wurinmu ita ce ta fi gaggawa. Tsohuwar da ta san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki har ɗacinsu ya fita a shekarar yunwa, da makiyayin da ya san sunan kowace ciyawa da wadda ke kumbura wa saniya ciki, da mai saƙar tabarma a Gulbin Kaba da ya san lokacin da yankan kaba ke hana goruba tashi, dukkansu malaman kimiyyar muhalli ne, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaro da salula na iya naɗar minti uku daga bakin kakarsa, ya haɗa da hoton ganyen da ɗan itacen da sunansa na Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, sa'annan malam ya taimaka da sunan kimiyya. Akwai manhajoji irin su Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, da ke ƙoƙarin gane tsiro daga hotonsa. Muna ba da shawarar a yi amfani da su a matsayin shaida ta biyu kawai, in sun saɓa da kaka a koma a sake duba ganyen, don sau da yawa ita ce ke da gaskiya. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa a ji kunyar aikin kimiyya da aka yi da Hausa. Ƙungiyar RECA ta majalisun manoma ta daɗe tana aika wa manoma saƙonnin murya ta WhatsApp cikin harsunan gida, gidajen rediyon karkara kuma kullum neman shiri suke.

Ga masu son zane da wasa, labarin tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ya isa fim. Masu bincike na cibiyar INRAN da jami'ar Maraɗi sun yi shekaru suna sakin wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke sa ƙwansa a jikin tsutsar ya kashe ta. Yara na iya yanka takarda su zana hatsi da tsutsa da zanzaron, su riƙa matsar da su suna ɗaukar hoto, ko su yi shi da manhajar Scratch inda akwai kwamfuta, tun da tana aiki ba tare da intanet ba.

Mun san abin da wasu malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. A ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, inda aji guda kan ɗauki yara 70 ko fiye, inda a watan Nuwamban 2021 gobara ta cinye yara sama da 20 a azuzuwan zana a cikin garin Maraɗi, zancen bidiyo na iya kama da ba'a. Ba mu ce salula ta maye gurbin ginin aji ba. Abin da muka lissafa a sama bai wuce waya ɗaya ko biyu da igiya da littafin rubutu ba, kuma ana iya tura hotuna daga waya zuwa waya ba tare da an sayi mega ba. Abin da ba daidai ba ne shi ne a bar wa malam kuɗin caji da na buga takarda daga albashinsa. Wannan aikin kwamitin iyayen yara ne da magajin gari. Haka nan a yankunan iyaka irin su Madarunfa da Gidan Rumji, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, ba mai hankalin da zai kai yara dajin Baban Rafi, gonar da ke jikin katangar makaranta ta wadatar. A nemi izinin mai gona kafin a shiga, kada a watsa fuskokin yara a Facebook, a kuma lura kada maza su riƙe wayar su bar 'yan mata da riƙon igiya.

Haɗarin da ya fi damunmu shi ne na ado. Da zarar an ce aikin na'ura, yaro mai wayo zai shiga intanet ya kwaso hoton raƙumin dawa na Kenya ya sa masa kiɗa, alhali namu na Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su haura 600, har aka kai takwas daga cikinsu Gadabeji a 2018, wani iri ne dabam mai hasken fata. Wani kuma zai sa manhaja ta rubuta masa bayanin gaba ɗaya. Saboda haka makin ya kamata ya tafi ga abin da yaro ya auna da hannunsa, da ranar da ya auna, da inda ya tsaya, da kuskuren da ya gano ya gyara. Hoto mai duhu na kalgon bayan gidansu ya fi hoton aro mai ƙyalli daraja.

Ga malamin da ke neman inda zai fara, tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar nan duk ranar 3 ga Agusta, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Da an koma makaranta a Oktoba, ajin farko na iya zagayawa ya ƙirga dashen da aka yi a unguwarsu, ya ba kowanne lamba da hoto, ya rubuta irinsa da ko an kewaye shi da ƙaya. A watan Mayu su sake zagayawa da lambobin nan, su ga nawa suka rayu, nawa awaki suka cinye, su kwatanta da tohon da manomi ya bari a gonar da ke kusa, sa'annan su kai wa magajin gari takardar sakamakon kafin ya sayi dashen shekara mai zuwa.