Shiri na Musamman: Yaro Ɗaya, Harshe Biyu

A Furana da sauran ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, ba baƙon abu ba ne yaro ya tashi da harshe biyu. Ɗan Fulanin da aka haifa a ruga, Fillanci yake fara ji daga bakin mahaifiyarsa. Da ya fara bin yayarsa tallar nono cikin gari, sai Hausa ta shige shi ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba.

Sai dai harsunan biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hausa ce a kasuwa, ita ce a wurin wa'azi, a rediyo da dandali, don haka ba ta bukatar mai tsaya mata. Fillanci kuwa sai ana yin sa a gida yake rayuwa. Idan iyali suka tare a gari, iyaye suka koma amsa wa 'ya'yansu da Hausa, to jikoki sai dai su ce su Fulani ne, amma ko gaisuwa ba su iya ba. Abin da ya sami yawancin Fulanin gida a ƙasar Zazzau ke nan.

Masana harshe sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. A 1913 wani Bafaranshe, Jules Ronjat, ya wallafa littafi kan yadda ɗansa Louis ya koyi magana. Uban Faransanci kaɗai yake yi masa, uwar kuma Jamusanci, yaron ya tashi da duka biyun. A Amurka, Werner Leopold ya riƙa yi wa 'yarsa Hildegard Jamusanci, matarsa na yi mata Turanci, ya kuma rubuta abin da ya lura da shi cikin kundi huɗu tsakanin 1939 da 1949. Ya ga Turanci ya rinjayi Jamusancin yarinyar, domin shi take ji ko'ina, sai da ta yi watanni a Jamus sannan Jamusancin ya farfaɗo.

Hanyoyi biyu iyaye suka fi bi. Ko dai uwa da uba kowa ya riƙe harshensa, ko kuma a ware harshe ɗaya na cikin gida, a bar ɗayan ga waje. A yankin da Hausa ta mamaye, ta biyun ta fi tasiri, musamman in an haɗa da tatsuniyar dare da kai yara hutu wurin kakanni.

Wasu iyaye kan damu idan yaro ya ce "ba ni kosam" yana nufin nono. Wannan gauraye ba ruɗewa ba ce, kuma yana raguwa yayin da yaron ke gane da wa ake yin wane harshe.

Makaranta ma tana da rawar takawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, sannan a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya mai hedikwata a Kaduna. Amma kafin yaro ya shiga aji ɗaya, ya riga ya shafe kimanin shekara shida yana sauraron mutanen gidansu.