Wanda Ake Biya Don Wasu Su Yabe Ka

Ba a taɓa jin mai fura ta ce furarta kwantai ce ba, shi ya sa yabon da take yi wa hajarta bai cika shiga kunne ba. Amma in maƙwabci da ba shi da ko sisi a cinikin ya ce ya sha ya ji daɗi, nan take za ka miƙa kuɗinka. A kan wannan bambanci aka gina sana'ar kamfanonin hulɗa da jama'a. Mai talla fili yake saya a jarida ko minti ɗaya a rediyo, ya faɗi abin da ya ga dama. Shi kuwa kamfanin hulɗa da jama'a, ko mawaƙi ne ya ɗauke shi aiki, ko otal, ko masana'anta, ƙoƙarinsa shi ne edita da ɗan rahoto da mai sharhi su ɗauki labarin don sun ga ya isa labari. Ke nan jarin da yake juyawa na aro ne: amanar da jama'a suka ba waɗannan bakuna. Kuma aron ba ya ɗorewa sai in abin da aka faɗa yana nan a ƙasa.

A watan Janairun 2009 hukumar yawon buɗe ido ta jihar Kwinsland a Ostareliya, tare da kamfanin CumminsNitro, ta so duniya ta san tsibiranta. Maimakon ta cika talabijin da hotunan teku, sai ta sa 'yar sanarwar neman ma'aikaci a jaridu: ana neman mai gadin tsibirin Hamilton na wata shida, albashi dalar Ostareliya 150,000, aikinsa ya yi iyo, ya zaga, ya rubuta abin da ya gani. Mai so ya aiko da bidiyon minti ɗaya. Mutum sama da 34,000 suka nema daga sassan duniya, kafafen labarai suka yi ta yayata zancen ba tare da an biya su ba, har ɗan Birtaniya Ben Southall ya yi nasara a watan Mayu. Abin lura a nan, aikin na gaske ne, albashin na gaske ne, tsibirin ma yana da kyan da aka ce. Da ɗaya daga ciki ya zama ƙarya, 'yan jaridar da suka tallata shi kyauta su ne za su fara tona asiri.

Dabarar tsohuwa ce. A 1915 aka ba Edward Bernays aikin share fage wa ƙungiyar rawa ta Rasha mai suna Ballets Russes a Amurka, a lokacin da Amurkawa ba su damu da irin wannan rawa ba. Bai tsaya wa'azin darajar fasaha ba. Ya raba labarin gida-gida, mujallun mata ya ba su zancen tufafin 'yan rawar da launukansu, masu sha'awar kiɗa ya ba su nasu. Kafin shi, a 1906, jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a Atlantic City mutum fiye da hamsin suka mutu, Ivy Lee, wani mai irin wannan sana'a, ya shawo kan kamfanin jirgin ya fitar da bayani da kansa, ya kuma kai 'yan jarida wurin, a zamanin da kamfanoni suka saba rufa-rufa.

Mai adawa zai ce duk wannan bambaɗanci ne da aka sa wa kwat da laƙtaya, wanda ya biya shi ake wa kirari. Yana da hujja. Bernays ɗin nan shi ne a 1929 ya shirya wa kamfanin taba 'yan mata su yi maci a Niyok suna busa sigari da sunan 'yanci, kuma ya mutu da sunansa a sama, babu wanda ya hukunta shi. Sai dai a dubi Bell Pottinger, babban kamfanin hulɗa da jama'a na Landan da ya yi wa iyalan Gupta aiki a Afirka ta Kudu, aka same shi da rura wutar ƙiyayyar launin fata don kare abokan cinikinsa. Jam'iyyar adawa ta DA ta kai ƙara, ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya ta kore shi a Satumban 2017, abokan ciniki suka watse, cikin kwanaki ya durƙushe. Maroƙi zai iya zuga marowaci ya kwana lafiya, don kowa ya san roƙo yake. Wanda ya shigar da ƙarya ta bakin ɗan jarida kuwa, ranar da aka gano shi ya rasa ƙofar da yake shiga, kuma ba shi da wata haja sai ita.

Akwai kuma masu cewa abu mai kyau ba ya buƙatar mai shela. Bikin kamun kifi na Argungu yana nan tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma ya shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba saboda matsalar tsaro, sai a 2020 ya dawo. Babu kamfanin da zai iya goge wannan da daɗin baki. To amma in hanya ta yi lafiya, kyan bikin kaɗai ba zai sanar da baƙo a Jamus ranar da za a faɗa kogin Matan Fada ba. Dole wani ya fitar da ranar tun da watanni, ya tanadi hotuna masu kyau, ya gayyato 'yan jarida ya sama musu masauki, ya kuma ɗaga waya idan edita ya kira da tambaya mai zafi ƙarfe goma na dare.