Fankar Ɗumin Mota Ta Tsaya? A Bincika Kafin A Sayi Sabuwa



Hunturu ya kama. Duk wanda ya taɓa baro kasuwar Abalak ko Badagishiri da dare a watan Disamba ko Janairu, ya nufi Birnin Konni, ya san yadda sanyi ke ratsa ƙashi. To a irin wannan dare ne direba kan murɗa makunnin ɗumi ya ji shiru. Nan da nan gilashi ya yi raɓa daga ciki, hanya ta dushe, ga dabbobin jama'a a baya.

Shi ɗumin nan daga ruwan inji yake. Ruwan zafi na bi ta wani ɗan lagireto a gaban mota, fanka ta huro iska ta kansa. Injin fankar galibi yana gefen fasinja, ta ƙasa.

Shawararmu, a fara da mai araha. Na farko, fis. In ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da tsohon. Kada a ɗaura waya a gurbinsa, nan gobara ke farawa. Na biyu, in fanka ba ta juyawa sai an kai ta lamba ta ƙarshe, to resista ce ta ƙone, injin lafiya lau. Na uku, a kunna, a ɗan bubbuga injin da gindin sukudireba. In ya tashi, burushin ciki ne ya cinye, mai gyaran lantarki zai canza shi da kuɗi kaɗan. Sannan a ciro fankar a kakkaɓe, don motocinmu kullum cikin ƙura da harawa suke, har ɓera kan yi gida a ciki. Wajen gwadawa da batir kuwa, a tuna akori-kura irin Peugeot 504 bolt 12 ce, manyan motoci galibi 24.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu shiga da kaskon garwashi cikin mota su rufe gilashi. Jama'a, gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Sai ta sa barci, daga barci sai lahira. Rai amana ne, dukiyar mutane ma amana ce.

Masu motoci, a gyara tun kafin ranar kasuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.