Saniyarka Tana Ruga, Ka Manta Hanya

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san yadda ake ba da kiwo. Mutum ya sayar da amfanin gona, kuɗi sun ɗan yi saura, sai ya sayi karsana ya damƙa wa Bafulatanin da ya yarda da shi. Ba shi ke kai ta rafi ba, ba shi ke nemo mata harawa ba, amma fa tasa ce, in ta haihu da rabonsa. To hannun jari ke nan, duk da kwat da lakatayen da masu harkar ke sakawa. Kamfani shi ne garken, kai kuma kana da 'yar karsanarka a ciki. Shekara ta yi kyau a aiko maka da riba, ta zo da fari ka rungumi haƙuri.

Abin mamaki shi ne yawan waɗanda suka ba da irin wannan kiwo suka manta hanyar ruga. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda hedikwatarta ke tsakiyar Abuja, ta faɗa a 2023, zamanin shugabancin Lamido Yuguda, cewa ribar da ke zube ba a zo an karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Ko da an samu ragi ko ƙari a lissafin, wannan nono ne da ya cika ƙorai yana neman zuba.

Ba yau aka fara tara shi ba. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun jawo iyayenmu cikin harkar. Daga 1988 kwamitin marigayi Hamza Zayyad ya shiga sayar da kamfanonin gwamnati, wasu suka ƙara. Babbar guguwar kuwa ta taso a 2004, da Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna suka bazama neman kuɗi, ma'aikacin sakatariya da malamin makaranta da mai shago a kasuwar Wuse kowa ya cike fom. Aka ba su takardar shaida mai ado a gefe kamar ta gama makaranta, suka kai ta ƙasan akwati. Ribar kuma a lokacin takarda ce irin ta caki, a aiko ta akwatin gidan waya, in ta wuce wata shida ta lalace. Mutum an yi masa canjin aiki daga Kaduna zuwa Abuja, akwatin yana can, takardu suna ta tsufa a ciki. Wani ma ta iso hannunsa, ya duba ya ga kuɗin motar zuwa banki ya fi abin da ke rubuce, ya jefa ta aljihun tebur.

Sai dai ba saniyar da ta ɓace daga lissafi. Kowane kamfani yana da masu rajista, irin su First Registrars da Africa Prudential da Meristem, su ne ke riƙe da littafin masu dabbobi. Tun 1997 kuma kamfanin CSCS ke ajiye hannayen jari a kwamfuta, har takardar nan mai ado ta zama tarihi. Abin da SEC ta yi shi ne ta tattaro sunayen waɗanda ba su haɗa jarinsu da asusun banki ba ta zuba a rumbu guda a intanet. Ka rubuta suna ka latsa, ya fito maka da kamfanin da sunan yake ciki da mai rajistar da za ka nema. Kamar dai a kora garkunan ƙasar nan duka mashaya ɗaya, ka tsaya a bakin ruwa ka kira taka ta ɗago kai.

A nan fa gizo ke saƙar. Makiyayi ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya san ka da fuska, ya san ubanka, ko bayan shekara ashirin ka je zai nuna maka jikokin karsanarka. Kwamfuta ba ta san fuska ba, shaidar da aka tsaga a kunne kawai take dubawa, kuma shaidar ita ce sunan da aka rubuta ranar saye, baƙi bayan baƙi. Mu kuwa Allah Ya hore mana sunaye. Mutum guda Muhammadu ne a gida, Mamman a firamare, Mohammed a takardar albashi, Muhammad a fasfon aikin hajji. Abubakar ya zama Garba, Usman ya zama Shehu. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, da ya zo buɗe asusu ya sauya da na mahaifinsa. Ka kira da shaida ɗaya, ba ta amsa ba, ka juya kana cewa an cinye, alhali tana gabanka tana tuƙa. Don haka mai nema ya gwada kowane rubutu, ya sa sunan uba gaba, ya sake mayar da shi baya.

Akwai kuma masu wayon da ya ci su. Lokacin rububin nan, da yake masu neman kaɗan sun fi samun cikakken abin da suka nema, sai mutum ya rarraba kuɗinsa a fom biyar, yana jujjuya sunansa, har da aron na yara da na direba. Ya tsaga wa shanunsa shaida iri-iri, yau ya kasa rantsuwa a kan ko ɗaya. SEC ta buɗe ƙofar a zo a haɗe irin waɗannan sunaye, amma sai da hujjar cewa kai ne.

In ka gano taka, sauran aikin ba wuya. Tun 2015 SEC da Babban Banki da NIBSS suka kafa tsarin biyan riba kai tsaye ta asusu: ka cike fom a bankinka ko wurin mai rajista, a gwada da BVN ɗinka. Na mamaci ne ke da ɗan jan rai, don sai magada sun kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar, kuma haƙƙin marayu da zawarawa ne, bai kamata a yi masa kasala ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusun amana, gwamnati ta riƙe a matsayin rance, mai ita ya nema duk ran da ya zo. A takarda daidai ne. Ni dai na fi son in karɓi saniyata a ruga da in bi ta gidan hakimi.

Kafin ka sayi sabuwa kuma, SEC tana da jerin dillalan da ta yi wa rajista, shi ma ana bincika shi da suna, kamar yadda ake tambayar sarkin kara ko ya san dillali. Manhajar zuba kuɗi ta CBEX da ta rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, hukumar ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba.

Mai karatu, in mahaifinka ya yi aikin gwamnati ko kasuwanci a waɗancan shekarun, ka sa a buɗe akwatin takardunsa, ka kwafi sunan yadda yake a rubuce, ka je ka bincika. Binciken kyauta ne, kada ka biya kowa ko sisi.