Obin ya kulle ƙofarsa: laifin moto ne ko na wuta?

Obin na zamani ya samu gindin zama a kicin ɗin gidajen Haɗeja da kewaye, wani cikin kayan ɗakin amarya, wani a hannun matan da ke sana'ar kek da gashin kaji na biki. Da yawansu kayan Beljiyam ne, an sauke su a Legas, sun biyo ta kasuwar Sabon Gari ta Kano, babu takardar bayani balle garanti. Ranar da ƙofa ta ƙi buɗuwa, fuskar obin na ƙifta F9 ko F90, uwargida ta rasa ta inda za ta ɓullo, sai maigida ya ɗauko sukundireba ya nufi ƙofar. Daga nan ake yin asarar da ta fi ta farko, domin gilashin ƙofar ya fi abin da ya kulle ta tsada da wuyar samu.

Ba kowane obin ke da wannan makulli ba. Mai shi shi ne irin wanda ke wanke cikinsa da zafi, fasahar da kamfanin General Electric (GE) na Amurka ya fito da ita a 1963. Idan aka danna maɓallin wankin, zafin ciki yakan kai wajen digiri 480 a ma'aunin Selsiyos, kusan ninki biyu na zafin da ake gashi da shi, har maiƙo da ƙanzo su ƙone su zama toka. Buɗe ƙofa a wannan hali ganganci ne, iska na shiga maiƙon zai iya kamawa da wuta. Saboda haka aka sa masa sakata mai rufe kanta, wadda ba ta saki sai ciki ya huce.

Abin da ke jan sakatar ɗan ƙaramin moto ne, bai wuce girman gwangwanin tumatir na ƙarami ba. A bakinsa akwai wani faifan roba mai tudu da kwari. Idan moton ya juya, faifan ya tura ƙarfen da ke maƙale ƙofa, tudunsa kuma ya danne wasu ƙananan suwic, ɗaya ko biyu. Su ne ke gaya wa fanel, wato ƙwaƙwalwar obin, cewa an kulle ko an buɗe. Fanel ba ya ganin ƙofa. Umarni yake bayarwa, ya jira amsa na ɗan lokaci, in bai ji ba sai ya fitar da lambar matsala. A yawancin obin ɗin GE lambar F9 ce, a Frigidaire F90 da masu bi mata, a Whirlpool kuma F5 E1. Abin da lambar ke nufi kawai shi ne amsa ba ta zo ba. Ba ta ce moto ya ƙone ba, ko da mai gyara ya rantse da hakan tun bai kwance komai ba.

A ƙasar Haɗeja, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne wutar lantarki. Wankin nan yana cin awa 2 zuwa 4, yana kuma jan kilowat 3 ko fiye. Duk mai zaune a layin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Jigawa da Katsina, ya san ba kullum ake samun awa huɗu a jere ba tare da ƙiftawa ba. In aka ɗauke wuta ƙofa na kulle, a kulle za ta zauna, domin moton ne kaɗai ke mayar da sakata. In aka ɗauke faifan na tsakiyar juyawa, sai ya tsaya bai danne suwic ɗin kulle ba, bai danne na buɗewa ba, wuta na dawowa fanel ya rikice. Wuta maras ƙarfi ma takan yi wannan aika-aikar, moton ya yi ta gurnani ya kasa juyawa. Ƙaramin janareta kuwa ba sa'an wannan aiki ba ne.

Don haka matakin farko haƙuri ne. A bar obin ya huce sarai, awa ɗaya ko fiye, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin gari kansa ke haura digiri 40. Sai a kashe shi daga bireka ko a zare shi daga soket na minti 5, a mayar lokacin da wuta ke da ƙarfi, a danna maɓallin sokewa, a kasa kunne. Moto mai lafiya yana da ɗan sauti siriri, daga ƙarshe a ji ƙas. In shiru ne, a kunna wankin, a bar shi kamar minti ɗaya, a soke. Wannan yakan sa faifan ya ƙarasa zagayensa ya koma mazauninsa. Akwai kuma lokacin da ƙofa a buɗe take amma ƙugiyar sakatar ta fito ta hana ta rufuwa. A nan sai a danne ɗan maɓallin da ke jikin bakin obin, wanda ke kashe fitilar ciki, a riƙe shi da yatsa, a kunna wankin a soke, har ƙugiyar ta koma. Da yawan obin da ake ɗorawa a mota zuwa Kano wannan kaɗai suke buƙata.

In ana jin moton yana aiki amma ƙofa ba ta saki ba, matsalar ta ƙarfe ce ko ta dauɗa. Haɗeja gari ne na kifi, kuma maiƙon gashi yana tashi da tururi ya sauka daidai ramin sakata. Ƙurar hunturu ta hau kai, su haɗu su daskare kamar ƙaro. Kyankyasai na son ɗumin wurin, su kwanta cikin suwic, ɓera kuma ya gwaguye waya. Sannan ƙofar da yara ke zama a kanta in an buɗe takan sauka kaɗan, ƙugiya ta daina dacewa da raminta. Ɗaga ƙofar sama kaɗan tare da tura ta ciki yayin da moton ke juyawa yakan sake ta.

Damina na da nata. Garuruwan bakin kogi irin su Auyo da Guri da Kiri Kasamma, da Haɗeja kanta, sun sha ambaliya a 2020 da 2022. Obin da ruwa ya shiga, ko bayansa ya bushe, audugar da ke tare zafi a cikin bangonsa tana riƙe da danshi, kan wayoyi kuma na yin tsatsa a hankali. Bayan watanni sai a ga lambar makulli ta fito, a manta da ruwan. Irin wannan ba a jona shi sai mai gyara ya buɗe ya duba, balle in mai haɗe da gas ne.

Abin da ya wuce nan aikin mai gyara ne, da wuta a cire. Zai ɗaga murfin sama ko na baya, ya saki sakatar da hannu, sannan ya ɗauko mita. Na ƙwarai zai gwada suwic ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada koyil ɗin moto ya ga ko ya yanke, ya bi wayoyin har fanel. Kada ya tsallake sansa mai auna zafi, wani siririn ƙarfe da ke leƙowa daga bangon ciki. A yawancin obin ɗin Amurka yakan nuna wajen om 1,080 zuwa 1,100 in obin a sanyaye yake. In ya lalace ya riƙa nuna zafi, fanel zai riƙe ƙofa da gangan, moto kuwa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ce a sayo moto bai taɓa mita ba, a nemi wani.

Akwai tarkon da masu sayen kayan gwanjo ke faɗawa. Wutar gida a Najeriya volt 230 ce mai hez 50, daidai da ta Turai. Obin ɗin Amurka kuwa, fanel ɗinsa da moton makullinsa volt 120 suke ci, a hez 60. In aka jona shi kai tsaye, ƙonewa ce. In an sa tiransifoma mai rage ƙarfi, moton zai yi aiki, amma da yake saurinsa na bin hez ɗin wuta ne, zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Kafin a biya kuɗi a duba ƴar takardar da ke manne a bakin ƙofa ko cikin durowar ƙasa. A nan ne ma lambar samfur take, wadda da ita ake neman moto in ta tabbata shi ne ya mutu. Masu kama da juna suna da yawa, amma tudun faifansu ya bambanta.

A ganina, wanda ba shi da tsayayyar wuta ya rabu da maɓallin wankin nan kwata-kwata, ya kuma gaya wa yara da masu aiki. Bakar soda da aka dama da ruwa, a shafe cikin obin a bar shi ya kwana, a goge da tsumma da safe, tana fitar da maiƙo. Wasu masu gyara sukan cire ƙugiyar gaba ɗaya don a huta. Obin zai ci gaba da gashi in an bar suwic ɗin a matsayin buɗe, amma daga ranar ba a ƙara kunna wanki, kuma in za a sayar da shi dole a faɗa wa mai saye.