Motsa jiki a lokacin neman haihuwa da farkon ciki

Motsa jiki a lokacin neman haihuwa da farkon ciki ya ƙunshi duk aikin da mace ke yi da jikinta, na gida ko na atisaye, tun daga fara shan maganin haihuwa har ƙarshen watanni uku na farko. Likitoci ba sa hana mace mai lafiya motsi a wannan lokaci, sai dai suna ƙayyade nau'insa da yawansa.

Ma'auni

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki da ba ta da wata matsala ta yi motsi matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar. Ana gane matsakaicin motsi idan mace na iya hira tana yin sa ba tare da numfashinta ya sarƙe ba. Yana rage haɗarin ciwon sukari da hawan jini na masu ciki. Yawancin ɓarin farkon ciki daga matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayi yake tasowa, matsakaicin motsi ba ya jawo shi.

Lokacin shan magani

Magungunan da ke sa ƙwai ya nuna, musamman allurar da ake yi kafin dashen ciki na IVF, suna kumbura ma'ajiyar ƙwan mace. Idan ta kumbura, tsalle, gudu ko murɗa ƙugu da ƙarfi na iya sa ta juya, jini ya daina isa gare ta, abin da ke buƙatar tiyatar gaggawa. Shi ya sa ake taƙaita motsi zuwa tafiya a hankali har likita ya ba da izini. Bayan dashe kuwa, kwanciya wuni guda ba ta ƙara yiwuwar cikin ya zauna.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A waɗannan ƙananan hukumomi uku na kudancin jihar Katsina, inda noman masara da dawa ya fi yawa, mata da dama na samun motsinsu daga daka, surfe, jan guga, ɗaukar itace da aikin kaka. Abin da ake buƙata a nan shi ne rage nauyi: raba ruwa a ƙananan bokitai, hutawa tsakanin aiki, da barin aiki mai wuya zuwa safiya ko yamma, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Mai laulayi ta yawaita shan ruwa. Mai ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro ta nemi magani kafin ta koma aiki.

Kunyar cikin fari kan sa wasu jinkirta zuwa awo, alhali hukumar ta ba da shawarar fara shi cikin makonni 12 na farko. Matsalar da ta fi ƙarfin asibitin gari akan tura ta manyan asibitoci, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Alamomin dakatawa

Mace ta daina aiki ta tafi asibiti nan take idan ta ga jini ko ruwa na fita, ko ta ji matsanancin ciwon mara, jiri, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya.