Yadda Na'ura Ke Zaƙulo Uwar Ƙwayoyin Jini Daga Ɓargo

A kowace daƙiƙa, jikin ɗan Adam yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2. Su da fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta duk tushensu ɗaya: wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ɓargon ƙashi, waɗanda za a iya kira uwar ƙwayoyin jini. Matsalar ita ce ba su da yawa, kuma ko a madubin likita ba a iya bambanta su da sauran. To yaya ake gane su?

Amsar tana jikin fatar ƙwayar. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wasu sinadarai da ke aiki kamar lambar QR. A 1984, Dakta Curt Civin na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ya gano alamar da ake kira CD34. Sai dai ba duk mai ɗauke da ita ce uwa ta ainihi ba. A 1992, tawagar Irving Weissman ta haɗa da alamar Thy-1, sannan a 2011 tawagar John Dick a Toronto ta ƙara da CD49f, har ta nuna cewa ƙwaya ɗaya tal ta mutum tana iya samar da nau'o'in jini a jikin ɓera.

Wajen warewa kuwa, ana zuba wani sinadari mai ƙyalli da ke manne wa alamar kawai. Na'urar FACS sai ta jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, su wuce ta gaban hasken leza. Wadda ta haska, sai a sa wa ɗigon ruwan da take ciki cajin lantarki, ya karkata zuwa kwalba ta daban. Dabarar ta samo asali ne daga fasahar firinta mai feshin tawada. A asibitoci an fi amfani da maganaɗisu, kamar na'urar CliniMACS.

Wannan ya shafi masu sikila kai tsaye, kuma Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, yana farawa ne da ware ƙwayoyin CD34 na majiyyaci, a gyara su da fasahar CRISPR, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, don haka babban ƙalubalen yanzu shi ne sauƙaƙa shi ga talaka.